Rabin Cokali

A Sandamu, ranar da tunkiyar Baba Nomau ta faɗi,
ta bar biyu a turke, ko sati uku ba su cika ba,
ɗaya mai farin goshi, ɗaya baƙi har kofato,
suna tsotsar bakin tabarma, suna zaton hantsa ce.

Aka aiko mini yaro a keke.
Ni ce malamar dabbobi, wata huɗu da kama aiki,
jakata ba komai sai ma'aunin zafi da sirinji
da wasu takardu da na kwafo tun a makaranta,
sun sha naɗi har sun yi laushi kamar dafaffiyar rama.

Na duba su. Gashi a tashe, ido da kwantsa,
wutsiya jiƙe da zawo.
Dakashi sun sha, amma garkuwar da uwa ta ba su aro
ta fara lalacewa, tasu kuwa tana maƙera.
Tsakanin nan ne ramin da ƙanana ke faɗawa.

Na ce a samo nonon akuya, a ɗuma shi,
a ɗiga man kifi, rabin cokali,
in babu, man riɗin da Inna Yalwa ta matse.
Baba ya ce, mai kuma? Miya za mu yi da su?

Na ce, Baba, jiki gari ne mai ɗakuna dubbai,
kowane ɗaki da maiƙo ake yaɓe bangonsa.
Akwai masu gadi a cikin jini,
in cuta ta shigo sai su kunna wuta su kore ta.
Wani maiƙon yana hura wutar,
wani yana yayyafa mata ruwa
don kada a ƙona gida garin kashe kunama.

Ya jinjina kai. Ya ce, wa ya gwada?

Nan harshena ya yi nauyi.
Takardar tana hannuna, da hotonta a shafi na biyu,
na sa babban yatsa na rufe.
Sai na ji kunyar rufewar ta fi ta faɗar.
Na ce, a wata ƙasa ne, a kan 'ya'yan alade.

Inna Yalwa ta saki muciya.
Kaza ta ratsa tsakaninmu, ba wanda ya kore ta.

Baba Nomau ya daɗe yana murza ƙasa da diddige.
Can ya ce, kare ma ba ma cin kwano ɗaya da shi,
amma in ya yi haushi tsakar dare
ai tashi muke mu duba garke.
Yalwa, ɗauko cokalin.

Kwana goma sha ɗaya ina zuwa.
Ina rataye su a sikelin mai gyaɗa cikin tsohon zane,
ina rubuta nauyi a bayan takardar.
Mai goshi ya fara tunkuyar gwiwata.
Baƙin ya sha, ya sha, bai ƙaru ba,
daren Laraba ya miƙe ƙafa.

Man ne ya tsai da ɗaya?
Ko nonon ne, ko kwanansa ne ke gaba?
Biyu ba adadi ba ne, malaminmu ya sha faɗa,
kuma cikin tunkiya daban, na waccan dabbar daban.
Ban sani ba. Haka na rubuta: ban sani ba.

Jiya na bi ta ƙofar gidan.
Mai goshi yana kan tarin harawa, yana satar ta kamar gadonsa.
Baba ya leƙo, ya ce akuyar Tanimu ta haifi uku,
nono bai isa ba.
Ya ce, in kina da sauran takarda,
wannan karon ki auna su tun ranar fari.